Motar kwana da iskar da ba ta wari: na'urar gargaɗi ma tana da wa'adi

Mutanen Agadas da na Arlit waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ba su manta da motocin nan na Turawa ƴan yawon buɗe ido ba, masu gangarowa daga Tamanraset, su biyo ta In Gezam da Asamaka, su shigo gari buɗu-buɗu da ƙura, da tayoyi da jarkokin ruwa ɗaure a bisa. Cikin kowace akwai gado da ɗan teburi da murhun gaz, wata ma har da firigo. Faransawa suna ce wa irin wannan mota kampin-kar. Da Hausa ana iya kiranta motar kwana, tun da mai ita ciki yake dafuwa, ciki kuma yake barci. Tun shekarar 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya soma mai da ƙaramar motar Volkswagen ɗakin kwana, daga nan sana'ar ta bunƙasa. Rashin kwanciyar hankali ya tsinke hanyar Sahara cikin shekarun 1990, amma a Turai da Amurka motocin suna nan birjik, iyali sukan yi makonni a ciki lokacin hutu.

A jikin bangon irin wannan mota, kusa da gado ko can ƙasa daf da daɓe, akan ga wani ɗan akwatin roba wanda bai wuce tafin hannu ba, da ƴar fitila koriya a gabansa. Aikinsa guda ne: ya riƙa shinshina iska dare da rana, in ya ji gubar da masana ke kira monoksid na karbon, ya tsala ƙara har mai barci ya farka. Masu mota da dama suna ɗaukar wannan na'ura tamkar ƙusa, wadda in an kafa ta shi ke nan. Alhali kuwa tana da wa'adi. Mai gadi ne da ke tsufa a bakin aiki, kuma ranar da hancinsa ya mutu ba lalle ne ya sanar da kowa ba.

Ranar 18 ga watan Satumba na 2011, a garin Clarksville na jihar Tenesi a Amurka, aka tarar da mutum 5 sun rasu cikin wata motar kwana da suka ɗauka haya. Sun zo wani taron masu babura ne na tara taimako domin yara, suka tada injin wuta mai shan isansi a gefen motar, suka kwanta. Hayaƙin injin ya sulale ya shiga ciki. Motar tana da na'urar gargaɗi, amma da masu bincike suka buɗe ta sai suka tarar babu pil a cikinta. Bayan wannan rashi hukumomin jihar suka kafa doka cewa ba a ba da hayar motar kwana sai da na'ura mai aiki, kuma alhakin gwada ta yana wuyan kamfanin haya.

Gubar da hanci ba ya ji

Duk abin da ke ci da wuta, itace ne ko gawayi, kananzir, isansi, gazuwal ko gaz na kwalba, yana bukatar iska isasshiya kafin ya ƙone sarai. In iskar ta wadata, abin da ke fita yawanci tururin ruwa ne da irin iskar da mutum ke fesarwa in ya yi numfashi. In ta gaza, ƙonewar takan tsaya rabi, sai monoksid ya samu. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya sa tari, ba ya sa hawaye. A nan ya sha bamban da hayaƙi. Hayaƙin ɗanyen itace yakan kori mutum daga ɗaki da kansa. Garwashi jajawur wanda ya daina hayaƙi kuwa shi ake jawowa kusa da shimfiɗa, alhali yana nan yana fitar da gubar.

Wani masanin Faransa, Claude Bernard, ya bayyana a 1857 yadda wannan iska take aiki a jiki. Cikin jini akwai sinadarin da ke sa shi ja, wanda likitoci ke kira emoglobin, shi ne mai ɗaukar oksijen daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Monoksid yana manne wa wannan sinadari fiye da yadda oksijen ke yi har sau 200 ko sama da haka. Watau kamar baƙi ne suka cika motar haya suka ƙi sauka: motar tana ta kai da kawowa, amma fasinjan gaskiya yana tsaye a tasha. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, jikinsa kuwa yana shaƙewa daga ciki.

Ana auna yawan gubar da kashi cikin miliyan na iskar ɗaki. In ta kai kashi 200, lafiyayyen mutum yakan ji ciwon kai bayan awa 2 ko 3. A kashi 800, jiri da tashin zuciya suna zuwa kafin minti 45, mutuwa kuma cikin awa 2 zuwa 3. In ta kai 12,800, watau ɗan fiye da kashi 1 cikin 100, minti 3 ma sun yi yawa. Mai ido biyu yana iya jin kansa yana sara ya fita waje. Mai barci ba shi da wannan dama, shi ya sa yawancin labaran irin wannan mutuwa da safe ake jin su.

A Faransa hukumar kula da lafiyar jama'a tana lissafa mutum wajen 3,000 zuwa 4,000 da gubar ke kamawa kowace shekara, kimanin 100 daga ciki kuma su rasu. A Amurka ana lissafa fiye da mutum 400 da ke mutuwa a shekara ba ta hanyar gobara ba, da fiye da 100,000 da ake kai wa asibiti da gaggawa. Gubar ba ta duba matsayi. Shahararren marubucin Faransa Emile Zola ita ta kashe shi a ɗakin kwanansa a birnin Pari ranar 29 ga Satumba 1902, saboda bututun hayaƙin murhun ɗakin ya toshe.

Motar kwana ta tara dukan abin da wannan guba ke so. Cikinta bai kai ƙaramin shago ba, an kuma liƙe kowace kafa da roba don kada sanyi ko ruwa su shiga. A wannan ɗan wuri akwai wuta iri-iri: murhun dafuwa, na'urar ɗumama ɗaki, tukunyar ruwan zafi, da firigo mai aiki da gaz, wanda ke da ƴar wuta tana ci a bayansa dare da rana ba wanda ke ganinta. Ga injin motar kanta, ga injin wuta da ake kira gurup, ga kuma na maƙwabci in an yi zango kusa da juna. Kowace na'ura tana da bututun da ke fitar da hayaƙinta waje, amma bututu yana tsatsa, girgizar hanya tana kwance shi, zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa na laka a ciki lokacin da motar ke ajiye. Wutar gaz mai lafiya shuɗiya ce. In ta koma rawaya, tana barin baƙi a gindin tukunya, to ƙonewar ba ta cika.

Daga kanari zuwa akwatin roba

Kafin a ƙera na'ura, tsuntsu ne ke wannan aiki. A 1896, bayan fashewar da ta auku a ramin haƙar gawayi na Tylorstown a ƙasar Wels, wani likita ɗan Sikotlan mai suna John Scott Haldane ya duba gawarwakin ma'aikatan, ya gano cewa yawancinsu iskar da ta biyo bayan fashewar ce ta kashe su. Ya ba da shawara a riƙa shiga rami da ƙananan halittu, ɓera ko tsuntsu, domin numfashinsu ya fi na mutum sauri, gubar takan kayar da su tun mutum bai ji kome ba. Haka kanari ya zama abokin aikin mahaƙan Ingila cikin ɗan kejinsa, bai bar aikin ba sai a 1986, da aka maye gurbinsa da na'urorin lantarki.

Zuciyar na'urar ta yau wani ɗan kwano ne rufaffe, mai ƴar kafa da iska ke shiga, da ruwan sinadari kaɗan, yawanci asid, da ƴan ƙarafa masu platin. In monoksid ya shiga ya taɓa ƙarfen, sai wata ƴar wutar lantarki ta taso, ƙarfinta daidai da yawan gubar. Wasu na'urorin kuma, musamman waɗanda aka haɗa da mai jin yoyon gaz, suna da wani sinadari da ake ɗumamawa da wutar batir. Ko wanne iri ne, yau da gobe tana cin sa. Ruwan yana bushewa, ƙarfen yana dushewa, ƙura da maiƙon dafuwa da tururin fenti da na maganin sauro suna toshe kafar. Zafi shi ne babban maƙiyi, kuma motar da aka rufe a rana cikinta yakan wuce digiri 60. Saboda haka masu ƙerawa suke yanka wa kowace na'ura wa'adi, daga shekara 5 zuwa 10, na motocin kwana da yawa kuma shekara 5 ne cif.

Na'urar ba ta yin ƙara da zarar ta ji gubar, kuma da gangan aka yi ta haka. Tana kwaikwayon jinin mutum ne, tana lissafa yawan guba tare da daɗewarta. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 50291 ta ce a kashi 30 cikin miliyan kada ta yi ƙara kafin minti 120. A kashi 50 ta yi tsakanin minti 60 da 90. A kashi 100 tsakanin minti 10 da 40. A kashi 300 kuwa kafin minti 3 su cika. Ta Amurka, UL 2034, ta ɗan fi sassauci: a kashi 70 tsakanin awa 1 da awa 4, a kashi 400 tsakanin minti 4 da 15. Hikimar ita ce, na'urar da ke ihu duk lokacin da aka kunna murhu ba za ta yi mako ba mai ita zai cire mata pil ya huta. Amma wannan lissafi duka ya dogara ga hanci mai lafiya. Tsohuwar na'ura tana iya jin kashi 300 kamar 50, ta zauna tana jiran awa guda a wurin da ake bukatar minti 3.

Akwai maɓallin gwaji a gabanta, mutane kuma suna dogara da shi fiye da kima. A yawancin na'urori, in an danna shi ya yi ƙara, abin da ya tabbatar shi ne wuta tana zuwa kuma ƙararrawar tana aiki. Bai ce kome ba game da hancin. Tun 2009 ƙa'idar Amurka ta tilasta wa masu ƙerawa su sa wata alama ta ƙarewar wa'adi, ɗan kuka gajere da ke maimaituwa, sau da yawa tare da canjin launin fitila. Waɗanda aka ƙera kafin nan ba su da wannan tilas, kuma tsofaffin motoci da ake saye hannu na biyu cike suke da su. Abin takaici, ko sababbin ma, kukan ƙarewar wa'adi yakan zo tsakar dare, sai mai motar ya fusata ya tsinke waya, da niyyar zai gyara gobe.

Yadda ake canza ta

Aikin ba ya bukatar babban makaniki, amma yana bukatar natsuwa. Farko a cire tsohuwar daga bango a duba bayanta. Nan ake rubuta ranar da aka ƙera ta, wani lokaci da ranar da ya kamata a jefar da ita. In wa'adin ya wuce, ko rubutun ya goge har ba a iya karanta shi, magana ta ƙare, sai sabuwa.

Wurin saye ne ake yawan kuskure, domin akwatunan roba uku ne masu kama da juna, aikinsu kuwa daban. Akwai mai jin hayaƙin gobara, irin wadda doka ta wajabta a gidajen Faransa tun watan Maris na 2015. Akwai mai jin yoyon gaz na kwalba. Akwai kuma mai jin monoksid. Ɗaya ba ta yin aikin ɗaya, sai dai in an rubuta ƙarara cewa haɗaɗɗiya ce. Wanda ya cire haɗaɗɗiya ya sa mai aiki ɗaya ya rage wa kansa tsaro bai sani ba. Sa'an nan ta gida daban, ta mota daban. A Turai ta gida tana ɗauke da lamba EN 50291-1, ta motar kwana da jirgin ruwa kuwa EN 50291-2, domin ita an gwada ta da girgiza da zafi da sanyi fiye da na ɗaki. Ya kamata kuma a duba ranar ƙerawa a jikin sabuwar tun a kanti, don kayan da suka daɗe a kan kanta sun riga sun ci wani abu daga kwanakinsu. A auna ramin da ke bango kafin a tafi, tun da wata ana nutsa ta cikin katako, wata kuma a bisa ake ɗora ta.

Mai aiki da pil ba ta da wuya: a kwance ƙusoshi biyu, a ɗaura sabuwa, a sa mata sababbin pil. Wasu ma an rufe batir ɗinsu a ciki, yana ƙarewa tare da wa'adin na'urar, kuma wannan iri ya fi dacewa da mai mantuwa, don ba mai iya aron pil ɗinta ya sa wa rediyo. Wadda ke shan wuta daga batir ɗin motar mai bolt 12 ita ke son kula. A rufe kwalbar gaz, a zare wayar da ke kawo wuta daga waje, a cire wayar batir, ko kuwa ɗan abin nan mai yanke wuta da makanikai ke kira fizibil. Kafin a taɓa kome a ɗauki hoton wayoyin da salula yadda suke.

Launin waya yana ruɗi. A jikin na'urar, ja ce mai kawo wuta, baƙa ce mai mayarwa. A motocin kwana da yawa na Amurka kuwa baƙa ce mai kawowa, fara ce mai mayarwa. Wanda ya haɗa baƙa da baƙa don sun yi kama yana iya juya wutar, na'urar ta ƙi tashi ko ta lalace. Ma'aunin wuta na makanikai shi ke raba gardama cikin minti ɗaya. Wajen haɗawa kuma, murɗa wayoyi biyu a naɗe su da roba mai danƙo aikin ganin ido ne, domin hanya mai gargada za ta warware shi a hankali. A yi amfani da ƴan bututun ƙarfe da ake matsewa da filaya, a ja wayar a tabbata ta kama. Wasu haɗaɗɗun na'urori suna da ƙarin wayoyi masu zuwa ga makullin da ke rufe gaz da kansa in an ji yoyo. Irin wannan sai a sami madadinta daidai, ko a kai wa gwani. Kada kuma a ɗaura ta bayan makunnin fitila, inda kowa zai iya kashe ta da kuskure.

Da an mai da wuta, na'urar takan ɗauki ƴan mintoci tana shiri, sa'an nan fitila ta tsaya koriya. A danna maɓallin gwaji, a tara duk masu kwana cikin motar su ji ƙarar, har yara, domin su san ta su bambanta ta da ta gobara. A na'urorin Amurka ta monoksid kuka 4 ne a jere sai shiru, ta hayaƙi kuka 3. A rubuta ranar ɗaurawa a jikin akwatin da alƙalamin da ba ya gogewa. Kada a gwada ta da kanga ta a bakin bututun hayaƙin mota, don zafi da laima da ƙazantar hayaƙin suna ɓata ta; akwai ƴan gwangwanaye na iskar gwaji da ake sayarwa domin haka.

Game da wurin ɗaurawa mutane suna gardama, wasu su ce gubar sama take hawa, wasu su ce ƙasa take kwanciya. Gaskiyar ita ce nauyinta kusan ɗaya ne da na iska, ta ɗan fi ta sauƙi kaɗan, don haka gauraya take yi da ita, sai dai takan bi ɗumi ta hau tun farko. Gaz na kwalba shi ne mai nauyi, mai kwanciya a daɓe, shi ya sa ake ɗaura haɗaɗɗiyar na'ura can ƙasa. Mai jin monoksid kaɗai wurinta kusa da gado, daidai inda kan mai barci yake, ko a bango nesa da murhu da metir 1 zuwa 3 in wuri ya yarda. Ba a sa ta cikin kabad, ko bayan labule, ko bakin taga inda iskar waje za ta riƙa wanke ta, ko kai tsaye bisa tukunya. Wanda ya ga haɗaɗɗiyarsa tana nesa da gado, ƙara ta biyu mai pil a wurin kwana ba ɓarnar kuɗi ba ce.

Saura tarko ɗaya. Na'urar da ke jingine da batir ɗin mota tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko motar tana ajiye, har ta iya zuƙe batir cikin makonni, kuma in wutar ta yi ƙasa takan yi ɗan kuka mai kama da na lalacewa. Saboda haka masu mota sukan cire fizibil lokacin ajiya. Ba laifi, muddin an tuna an mayar kafin tafiya ta gaba.

Inda babu motar kwana

A Nijar irin waɗannan motoci ba su da yawa, amma gubar ba baƙuwa ba ce. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da ɗari ya kankama daga Agadas har Damagaram da Tawa, ana shiga da kaskon garwashi ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ana ɗumama wa mai jego da jaririnta ɗaki, ga shi kuwa jariri da ɗan tayi cikin ciki sun fi kowa rauni a gaban wannan iska. Direban kamyo da yaron motarsa sukan kwana cikin kan mota da gilashi a rufe, inji yana aiki ko garwashin shayi yana ci. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta soma aiki a ƙarshen 2011, gaz na kwalba ya shiga gidaje da yawa, wasu kuma cikin ɗakin kwana suke dafuwa. Ga gurup, wanda tsoron ɓarayi ke sa a shigar da shi zaure ko shago in wuta ta ɗauke. A watan Janairu na 2017, a garin Arnstein na Jamus, matasa 6 suka mutu dare ɗaya cikin wata bukkar lambu saboda injin irin wannan da aka tada a ciki. Hukumomin lafiya na Amurka suna cewa a ajiye shi a fili, aƙalla metir 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon waje.

Na'ura mai pil da aka yi domin gida tana aiki a ɗakin laka kamar yadda take yi a na siminti, kuma shugabannin ma'aikatu masu ɗakunan kwana, da na gidajen likita, da na makarantun kwana, suna da dalilin tunani a kanta. Sai dai zafin bazara da ƙurar hunturu za su ci ta da sauri fiye da na ƙasashen da aka ƙera ta, don haka ba a ƙara mata ko wata ɗaya bisa wa'adin da aka rubuta. Kuma na'ura gargaɗi kawai take yi, ba ta tsarkake iska. Garwashi dai a fitar da shi kafin a kwanta.

Alamun gubar suna kama da na zazzaɓin cizon sauro ko mura: ciwon kai, jiri, kasala, amai, ruɗewa. Abin da ke bambanta su shi ne babu zafin jiki, mutanen ɗaki ɗaya sukan kamu lokaci ɗaya, har dabbar da ke ciki, kuma suna samun sauƙi in sun fita iska. In na'ura ta yi ƙara, ko aka ga waɗannan alamu, ba lokacin neman dalili ba ne. A buɗe ƙofa da taga, a kashe abin da ke ci in hannu zai kai, kowa ya fita, a ƙirga mutane, a kira ƴan kashe gobara a lamba 18, wadda ita ce a Nijar da Faransa duka. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa a waje, kada a ɗura masa ruwa ko madara, don madara ba ta karya wannan guba.

A asibiti maganin oksijen ne tsantsa. Da iskar waje kaɗai jini yakan ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin ya zubar da rabin gubar. Da oksijen tsantsa lokacin yakan sauko zuwa wajen awa 1 da rabi, a ɗakin matsin iska na musamman kuma ƙasa da rabin awa. Wajibi ne a gaya wa likita cewa akwai garwashi ko inji ko gaz a ɗakin, domin ɗan ma'aunin nan da ake maƙalawa a yatsa ba ya bambanta jinin da ya ɗauki oksijen da wanda ya ɗauki monoksid, yana iya nuna lafiya lau ga mutumin da ke cikin haɗari. Bayan sallama ma a ci gaba da lura da majinyacin. Wasu sukan warke sumul, sa'an nan bayan kwanaki ko makonni mantuwa ta bayyana, ko canjin hali, ko rawar jiki da wahalar tafiya, kuma irin wannan sai an koma da shi wurin likita an faɗi abin da ya faru tun farko.